Barista Halilu da Ɗakin Gabas

A Ƙauran Namoda, in mutum zai sayi gida ko fili kuma yana cikin gaggawa, dillalai kan ba shi shawara kyauta: kada ya kuskura ya bi ta ofishin Barista Halilu Mahmuda. Ba su taɓa cewa bai iya aiki ba, ba su kuma ce yana da tsada ba. Laifinsa ɗaya, ba ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba, kuma ba ya sa hannu a kan maganar da bai ji daga bakin mai ita ba. Cinikin da za a gama kafin azahar a raba la'ada, in ya faɗa hannunsa sai ya yi kwana goma. Shi ya sa suka laƙaba masa Sai-Na-Gani, sunan kuma ya bi shi har gida, don matarsa Zulaihat ma da shi take kiransa in ya tsaya jujjuya malmalar tuwo kafin ya kai loma.

Mutumin Sakajiki ne, ɗan manomi, kuma har yanzu tafin hannunsa bai manta fartanya ba. Ya yi firamare a garinsu, ya yi sakandare a Ƙaura, daga nan ya samu aikin magatakarda a wata kotu a Zurmi. Shekara goma sha shida ya yi yana zaune gefen alƙali yana rubutu. A nan ya lura cewa in aka cire rigimar aure, yawancin abin da ke kawo mutane kotu ƙasa ce: iyakar gona, katangar tsakani, indararon da ke zuba a gidan maƙwabci, gidan gado da wani ya sayar bai gaya wa wani ba. Kusan kowace shari'a kuwa, in aka bi sawunta, sai a tarar ta faro ne daga wata 'yar takarda da aka rubuta a tsaye, a fallen littafin makaranta, layi huɗu da dangwale biyu. Yana da shekara arba'in da ɗaya ya tafi Sakkwato karatun lauya, ya zauna aji ɗaya da sa'annin ƙannensa na ƙarshe, suna kiransa Baba ba ya jin haushi. Da ya gama ya dawo Ƙaura, ya kama shago kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya sa tebur da benci biyu da kabad ɗin ƙarfe.

Shi ba lauyan tsayuwa gaban alƙali ba ne, kuma ya san haka. Baƙar rigar da farar hular gashin nan suna saman kabad a cikin leda, sai a shekara bai sauko da su sau uku ba. Kayan aikinsa su ne tef ɗin awo, kwalin tawadar dangwale, hatimi, da wani babur da ya fi ɗansa na biyu shekaru. In aka kawo masa ciniki, sai ya fara zuwa wurin ya zagaya shi da ƙafa, ya auna, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa ya tambaye su inda iyakarsu ta tsaya. Sai ya je wurin mai unguwa. Sai ya bi asalin gidan, wa ya gina, wa ya saya daga wa, wa ya rasu, wa ya gada. In da takardar mallaka ta gwamnati, ya hau mota zuwa Gusau ya duba ko an taɓa jinginar da ita. Bayan duk wannan ne zai zauna ya rubuta takardar ciniki, da Turanci da Hausa, ya karanta ta da ƙarfi a gaban kowa a cikin gidan da ake sayarwa, ba a ofis ba. Masu saye kan fara da tsine masa a zuci, su ƙare da aiko masa da kajin salla.

Cinikin da ya fi tsaya masa a rai ya zo ne a ƙarshen hutun makaranta na damina, shekara biyu da suka wuce. Wani dattijo mai suna Labbo ya yi sallama a ofishinsa, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa duk da ba abin da zai kora. Makiyayi ne daga wajen Birnin Tsaba. 'Yan bindiga sun kore masa garke a rana ɗaya, sai 'yan shanu tara da Allah ya sa suna wurin wani ɗan uwansa a lokacin. Su ya sayar, ya kwaso iyalinsa mutum goma sha ɗaya ya kawo su Ƙaura, aka ba su aron aji ɗaya a wata firamare. Yanzu hedimasta ya ce saura kwana goma sha biyu yara su dawo karatu, sai su nemi wuri. Wani dillali mai suna Sagir ya samo masa gida, har an daidaita kuɗi. Limamin unguwar ne ya ce masa kada ya miƙa ko sisi sai lauya ya duba.

Labbo ya ce, "Barista, an cuce ni sau guda da bindiga. Ba ni son a sake cuta ta da takarda. Amma kuma kwana sha biyu gare ni."

Halilu ya ce ya ji duka biyun.

Gidan yana bayan kasuwa, ginin ƙasa da rufin kwano, zaure ɗaya, ɗaki biyar, da rijiya a tsakar gida. Na wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya daɗe da rasuwa, matarsa ma ta bi shi. Magada uku ne. Babbansu Alhaji Isah, yana sayar da kayan gyaran mota a Gusau, shi ne ke sayarwa da sunan kowa. Sai Rufa'i, wanda ya yi shekara ashirin a Legas. Sai mace ɗaya, Kulsumu, tana aure a Shinkafi. Alhaji Isah ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida. Gidan ne ya gaji da shi, kowace damina sai an kira shi a waya an ce katanga ta zube.

Ranar da Halilu ya je awo, ya tarar da ɗakuna huɗu a buɗe, ba komai ciki sai jemagu da tsofaffin tabarmi. Na biyar, wanda ke kusurwar gabas, yana kulle da kwaɗo. Ya tsaya ya dube shi da kyau. Yaɓen jikinsa sabo ne, kwanon rufinsa an danne shi da duwatsu, an kuma toshe ƙasan ƙofar da tsumma don kada ruwa ya shiga.

Ya tambayi Alhaji Isah, "Wanga ɗaki hwa?"

"Tarkacen Kulsumu na ciki. Ɗakin tsohuwarmu na. Za ta zo ta kwashe."

"Ta yarda da cinikin?"

Alhaji Isah ya ciro takarda daga aljihu ya miƙa masa. An rubuta cewa magada sun amince a sayar, ga sa hannunsa, ga na Rufa'i da aka aiko ta mota, ga dangwalen Kulsumu shuɗi raɗau.

Halilu ya ce, "Wa ke wurin sadda tad dangwala?"

"Ni da ita. Wa kake so a kira, gwamna?"

Sagir dillali ya yi dariya, ya ce ai shi ke nan, ga hannu ga dangwale, sai a rubuta. Halilu ya kira Rufa'i a waya, suka yi magana yana kallon fuskarsa a allon wayar, Rufa'i ya ce a sayar, ya ma daɗe yana cewa a sayar. Daga nan ya shiga gidan maƙwabcin kudu, wani tsoho mai ɗinkin hula, ya tambaye shi iyaka. Da suka gama da iyaka ya tambaye shi wa ke yaɓe ɗakin gabas. Tsohon ya ce Kulsumu ce. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka takan zo daga Shinkafi, ta kira magini, ta tsaya a kansa har ya gama, ta share ɗakin, ta kulle ta koma.

Halilu ya san wannan al'ada tun yana magatakarda. A ƙasar nan mace ba ta cika cewa a raba gida a ba ta nata ba. Takan bar rabonta a cikin gidan, a hannun 'yan uwanta maza, ba don ta yafe ba, sai don ranar da aure ya ƙare, ko da saki ko da mutuwa, ta san ƙofar da za ta tura ta shiga ba tare da ta roƙi kowa ba. Su kuma mazan, da yake ba ta taɓa buɗe baki ta ce nawa ne ba, sai a hankali su ɗauka ba ta da buƙata. In babban wa ya zo da takarda ya ce dangwala nan, za ta dangwala. Bayan shekara biyar ko goma, in duniya ta juya mata baya, ita ko wani nata ya kai ƙara, mai saye ya wayi gari da sammaci a hannu. Halilu ya rubuta irin wannan shari'a da hannunsa ta fi a ƙirga, kuma bai taɓa ganin wadda kowa ya fita yana murna ba.

Ya ce sai ya je Shinkafi. Sagir ya riƙe baki ya ce, a wannan hanyar, saboda dangwale ɗaya? Alhaji Isah ya ɓata rai, ya ce wato an mai da shi maƙaryaci ke nan. Labbo kuwa ya lissafa kwanaki a yatsunsa a gaban Halilu, don ya gani. A gida Zulaihat ta ce masa in an sace shi kada ya sa ran za ta sayar da keken ɗinkinta, sannan ta zuba masa fura a gora ta yi masa addu'a har bakin ƙofa.

Ya bari sai Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Ya shiga wata da hantsi, an matse shi tsakanin buhun barkono da wani mai sayar da takalma. Ba wanda ya yi hira a hanya. Duk inda daji ya yi duhu sai direba ya ƙara wuta, fasinjoji su yi ta salati ƙasa-ƙasa. Halilu ya ji tsoro ƙwarai, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Allah ya kai su lafiya kafin rana ta take.

Ya sami gidan da tambaya. Kulsumu mace ce mai kimanin shekara hamsin, gajera, mai ƙarfin hannu, ya tarar tana matsar tunkuza don ƙuli-ƙuli. Mijinta, Malam Khalil, yana kwance a tabarma a inuwar ɗaki. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma sai an kasa kunne. Shi ya yi wa Halilu izinin shiga da hannunsa mai lafiya. Gidan ba nasu ba ne, na wan mijin ne, su ɗaki ɗaya aka ba su. 'Ya'ya biyu ta haifa, duka sun koma tun suna ƙanana.

Bayan gaisuwa Halilu ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Ya nuna mata takardar.

"Wanga hannunki na?"

"Nawa na."

"Kin san abin da anka rubuta?"

"Na sani. Yaya ya hwaɗa min."

"To kina so a sai da gidan?"

Ta ci gaba da matsa, mai yana tsattsafowa tsakanin yatsunta. Can ta waiga ta dubi mijinta, ta rage murya.

"Barista, kai ma ka ga yadda Malam yake. Ran da Allah ya yi ikonsa, wata huɗu da kwana goma gare ni cikin gidanga. In na gama, ina za ni? Gusau, in zauna ma matar Yaya bisa kai? Ɗakin can shi ɗai gare ni duniya."

"Mi ya hana ki hwaɗa mashi haka?"

Ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Yaya? Shi ya aurar da ni. Shi ya yi jinyar tsohuwa har ta cika. In dubi idonai in ce a'a?"

Halilu ya yi mata bayani dalla-dalla. Kashi ɗaya cikin biyar na gidan nata ne, Allah ya ba ta, ba wanta ba. Tana da ikon ta ce ba ta sayarwa. Tana da ikon ta nemi kotu ta raba a fitar mata da nata. Da jin kotu ta saki tunkuzar ta ce a'uzubillahi, ita da Yaya a gaban alƙali, gara ta kwana a tasha. Ya ga ba inda maganar za ta. Sai ya ce mata abu ɗaya yake roƙo, ranar Litinin ta zo Ƙaura da kanta, don shi ba ya rufe ciniki da dangwalen da aka yi a bayan idonsa. Ta ce dama za ta zo kwashe kaya.

Da ya dawo ya gaya wa Labbo gaskiya, don Labbo ne ya ɗauke shi aiki. Ya ce akwai mai rabo a gidan da ranta ba ya so, amma bakinta ba zai iya ƙi ba. In ta ce ta yarda a gaban shaidu, ciniki ya tabbata, ba mai tayar da shi. In ta ce ba ta yarda ba, sai dai a nemi wani gida. Labbo ya kalli ƙasa ya ce shi dai gida yake so, ruwa na shigo musu ta tagar aji, kuma saura kwana bakwai.

Ranar Litinin da safe aka shimfiɗa tabarmi a zauren gidan. Ga Alhaji Isah, ga Labbo, ga Sagir, ga mai unguwa da maƙwabta biyu a matsayin shaidu. Kulsumu ta zauna daga bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida, ta ja mayafi, kusa da ita Inno matar Labbo, wadda ta zo ganin inda za ta kafa murhu. Halilu ya karanta takardar tun daga bisimilla, tsawo da faɗi, maƙwabcin kowace kusurwa, rijiya, inda ruwan gidan ke fita, sunan kowane magaji da rabonsa. Da ya gama ya juya wajen ƙofa.

"Kulsumu, kin ji abin da na karanta. Kin yarda a sai da gidanga, har da rabonki?"

"Abin da Yaya yac ce."

"Ba Yaya na tambaya ba. Ke nike tambaya."

Alhaji Isah ya gyara zama ya yi gyaran murya. Kulsumu ta ce, "Na yarda."

Halilu ya sake tambaya a karo na uku, ya ƙara da cewa ba mai tilasta ta, kuma in ta ce a dakata za a dakata. Mai unguwa ya ce haba Barista, ai ta faɗa. Ta maimaita, a hankali amma kowa ya ji, "Na yarda. Na sallama."

Iyakar aikin lauya ke nan. Ba shi da ikon ya ƙi a madadin wanda ya ce ya yarda. Ya buɗe kwalin tawada, aka miƙa mata, ta dangwala. Ransa ya ɓaci sosai, har ya ji haushin tafiyar da ya yi da tsoron da ya ci a banza. Kowa ya sa hannu, ya buga hatimi, aka yi fatiha.

Saura biya. Tun kafin ranar Halilu ya sa Labbo ya raba kuɗin gida uku yadda gado ya tanada. Na Alhaji Isah da na Rufa'i aka tura musu ta banki nan take. Kulsumu ba ta da asusu, don haka nata yana ƙunshe a baƙar leda. Alhaji Isah ya miƙo hannu.

"Kawo in aje mata. Mace da kuɗɗi bisa hanyar Shinkahi?"

Halilu ya ce, "Alhaji, takardag ga ta ce na danƙa ma kowane magaji rabonai hannu da hannu. Na riga na sa hatimi. Ba ni yin ƙarya da hatimina. In ta karɓa ta ba ka ajiya, wannan tsakaninku na."

Ya tashi da kansa ya ajiye ledar a gabanta. Alhaji Isah ya jira ta miƙo masa. Ba ta miƙo ba, ba ta kuma ɗago kai ba, ta dai sa hannu ta dafe ledar. Shi kuma girma ya hana shi tambaya a gaban mutane. Ya duba agogo, ya ce yana so ya kama hanyar Gusau da sauran rana, ya miƙa wa Labbo makullan zaure, ya yi sallama. Sagir ya karɓi la'adarsa ya bi bayansa.

Halilu yana haɗa takardu a jaka, mai unguwa yana neman takalmansa, sai Kulsumu ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Barista, yanzu gidanga na wa na?"

"Na Labbo na."

"Yaya ba shi da komi ciki?"

"Ko ƙusa."

Ta turo ledar gaba kaɗan, ko kullin ba ta kwance ba. "To tambayar min mai gida. Shina sai da min ɗaki guda?"

Halilu ya ajiye jakar. Shekara goma sha shida a kotu da goma a ofis, bai taɓa ganin wannan ba, kuma bai taɓa kawo shi a ransa ba. Matar da ba ta iya ce wa wanta a'a ba, ga ta tana taya ɗaki a hannun baƙo, ba ko rawar murya. Ya ce wa mai unguwa da shaidu su dakata tukuna.

Sai dai shi lauyan Labbo ne, don haka ya juya gare shi ya faɗa masa abin da ya wajaba ya faɗa. Ya ce ba dole a kansa, gida nasa ne halak malak. In ya sayar, mutum goma sha ɗaya za su matsu a ɗaki huɗu. Dole a rubuta mata hanyar shiga ta zaure, da ɗiban ruwa a rijiya, da shiga bayi, kuma wannan zai bi gidan ko bayan ransa. Ran da ya tashi sayarwa, gida mai ɗakin wani a ciki ba ya daraja. Ya ce in shawararsa ta lauya ake nema, to kada ya sayar.

Labbo ya daɗe yana murza sandarsa a tafin hannu. Sannan ya yi magana, ba Halilu yake kallo ba, ba kuma Kulsumu ba.

"Cikin garken da anka kore min, akwai saniya huɗu na ƙanwata. Tun tana budurwa babanmu ya ba ta guda, ta bar ta wurina tana haihuwa. Ba ta taɓa cewa in ba ta ba. Da na sai da taran da sunka rage, ban tuna da ita ba sai da kuɗɗi sunka shiga aljihu. Har yau ba ta ce min komi ba. Ni kau har yau ban iya zuwa gidanta ba."

Ya juya wajen matarsa suka yi 'yar magana da Fulatanci. Inno ta amsa da kalma biyu. Labbo ya jawo ledar ya ajiye gefen ƙafarsa, ya ce wannan wurin ƙanwarsa za ta, sannan ya ce wa Kulsumu, "Na sallama maki. Allah shi sa albarka."

Halilu ya ciro tef. Ya auna ɗakin gabas ciki da waje, mai unguwa na riƙe masa bakin tef ɗin yana mita cewa yau ya ga lauya. Ba injin bugawa a kusa, don haka ya zauna a tabarma ya ɗora takarda a kan jaka ya rubuta ta biyu da hannu, kwafi biyu, da hanyar zaure da rijiya da bayi, bai tsallake komai ba. Ya karanta da ƙarfi. Labbo ya dangwala a matsayin mai sayarwa, Kulsumu a matsayin mai saye. Wannan karon ba sai da aka tambaye ta sau uku ba.

Ta naɗe takardarta ta ƙulle a bakin zane. Ta shiga ta buɗe ɗakin, ta tura akwatin uwarta da kwanuka lungu ɗaya, ta rufe su da tabarma. Da ta fito, maimakon ta mayar da kwaɗo, sai ta kama hannun Inno ta sa mata makullin a ciki.

"'Yan matanki su riƙa kwana ciki. Ɗaki ba shi son zama ba mutum. A dai toshe ƙasan ƙohwa in za a yi ruwa."

Halilu, da har ya rataya jaka, ya sauke ta. Ya ce wannan aro ne, kuma aron da ba a rubuta ba shi ne ke zama rigimar jikoki. Mai unguwa ya ce la'ilaha illallahu, ya koma ya zauna. Halilu ya juya bayan takardar Labbo ya fara rubutu: Kulsumu ta ba iyalin Labbo aron ɗakinta, ba haya, ba sayarwa. Ya tsaya da biro a sama.

"Aro sai da wa'adi. Har zuwa yaushe zan rubuta?"

Kulsumu tana gyara mayafi, don tana so ta sami motar Shinkafi kafin la'asar, ta bar Malam a hannun maƙwabta tun safe.

Ta ce, "Rubuta, sai na gama takaba."

Halilu ya sunkuyar da kai ya rubuta yadda ta faɗa, kalma da kalma, ya miƙa mata tawada.